Tambayoyi da amsoshi kan darasin kewayen lantarki da awo a ɗakin gwaji

Me ake koya a wannan darasi, kuma me ya sa ake farawa da shi?

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan masanin kimiyyar nan haifaffen Tasawa da ya yi fice a binciken makamashin hasken rana, ɗalibin kimiyyar fizik ko na lantarki yakan ci karo da wannan darasi tun a shekarunsa na farko. Abubuwa uku ne ginshiƙinsa: ƙarfin da ke tura lantarki, wanda ake aunawa da bolt, yawan lantarkin da ke gudana a waya, wanda ake aunawa da amfiya, sai turjiyar da wayar ko wata na'ura ke yi wa gudanar, wadda ake aunawa da om. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ce ta haɗa su, wato U = R × I, inda U ke nufin ƙarfin turawa, R turjiya, I kuma yawan lantarki. Sai dokokin Kirchhoff biyu na 1845: lantarkin da ya shiga mahaɗar wayoyi daidai yake da wanda ya fita, kuma idan aka zagaya rufaffen kewaye, jimillar ƙarfin turawa takan koma sifiri. Duk wanda zai yi aikin faifan hasken rana, ko famfon rijiyar burtsatse, ko layin NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, kan waɗannan dokoki zai tsaya.

Idan lissafi ya ba da amsa, ina amfanin shiga ɗakin gwaji?

A ganina wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci, domin ɗalibai da yawa na ɗaukar aikin gwaji, wanda suke kira te-pe, a matsayin cika takarda kawai. A ɗauki batir mai bolt 9 a haɗa shi da turjiya mai om 1000, wato 'yar na'urar da aka ƙera domin ta rage gudanar lantarki, wadda zobban launi a jikinta ke nuna ƙimarta. Lissafi ya ce miliamfiya 9 za su gudana (miliamfiya ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya), amma na'urar awo tana iya nuna 8.7, kuma wannan ba ya nufin Ohm ya yi kuskure. Turjiyar da ke da zoben launin zinariya an yarje mata kaucewa da kashi 5 cikin 100, saboda haka ainihin ƙimarta tana tsakanin om 950 da 1050, lantarkin kuwa tsakanin 8.6 da 9.5. Shi ma batirin yana da tasa turjiyar ta ciki, ita ma na'urar awon tana ƙara tata. Har zafi yana da hannu a ciki, domin turjiyar wayar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, abin da bai kamata mai aiki a zafin Afrilu na Yamai ya manta ba. Aikin ɗalibi shi ne ya yi lissafi kafin ya taɓa waya, ya auna, sannan ya bayyana dalilin bambancin a rahotonsa. Gyara lambar da aka auna domin ta dace da lissafi ha'inci ne, kuma yana zubar da duk abin da aka shigo ɗakin domin a koya.

Yaya ake haɗa na'urar awo?

Idan ƙarfin turawa ake nema, ana ɗora bakunan na'urar biyu a gefe da gefen abin da ake aunawa, ba tare da an cire komai ba. Idan kuwa yawan lantarki ake nema, dole a katse kewayen a saka na'urar a tsakani domin lantarkin ya ratsa ta. Wanda ya saita ta a kan amfiya sannan ya ɗora ta kai tsaye a kan batir ya buɗe wa lantarki gajeriyar hanya, kuma fis ɗin na'urar ne zai ƙone. Turjiya kuwa sai an kashe wuta ake auna ta.

Shin akwai haɗari?

Gwajin farko da ƙaramin ƙarfi ake yin sa, amma kuran ɗin bango bolt 220 ne mai sauya alkibla, zagaye 50 a daƙiƙa, kuma ƙololuwarsa tana kaiwa kimanin bolt 311. Miliamfiya 30 kacal da suka ratsa ƙirji suna iya jefa rai cikin haɗari, shi ya sa ba a kunna kewaye sai malami ya duba haɗin, ba a kuma canza waya alhali wuta na ciki.