Yadda waƙoƙin cocin Bach suka ɓace, suka sake dawowa

Duk shekara, idan Ista ta ƙarato, ƙungiyoyin mawaƙa daga Jamus har Japan sukan rera doguwar waƙar Johann Sebastian Bach a kan wahalar da Yesu ya sha kamar yadda Linjilar Matta ta ba da labari. Mai sauraro zai ɗauka haka ake yi tun fil azal. Ba haka ba ne: bayan rasuwar mai ita, kusan shekara tamanin ba wanda ya rera ta a wajen birnin Leipzig.

An haifi Bach a garin Eisenach na Jamus a 1685, gidansu gidan makaɗa ne kaka da kakanni. Dab da ya cika shekara goma ya zama maraya, sai yayansa ya riƙe shi. Ya yi wa sarakunan Weimar da Köthen kiɗa, har sarkin Weimar ya tsare shi kusan wata guda a 1717 don ya matsa a sallame shi. A 1723 ya zama shugaban mawaƙan cocin Thomas a Leipzig, kuma ba shi ne zaɓin farko ba. Wani makaɗi, Telemann, majalisar gari ta so, ya ƙi. Na biyu kuma, Graupner, ubangidansa ya hana shi tafiya.

A nan ne aikin ya yi nauyi. A shekarunsa na farko kusan kowace Lahadi sai ya tsara sabuwar kantata, wato waƙar ibada mai haɗa muryoyi da kayan kiɗa, ya koya wa yaran makaranta cikin mako guda. Kimanin 200 ne suka iso gare mu. Doguwar waƙarsa a kan wahalar Yesu ta Linjilar Yahaya ta zo a 1724, ta Matta a 1727, mai rukunin mawaƙa biyu da rukunin makaɗa biyu suna amsa wa juna, tana cin kusan awa uku. Duk da haka a 1730 sai da ya rubuta wa majalisa yana kukan ƙarancin ƙwararrun mawaƙa. A ganina matsalar daga nan take: a idonsu shi ma'aikacin coci ne kawai, waƙarsa kuwa ta mako ce, a rera a ajiye.

Ya rasu a 1750 bayan aikin ido da bai yi nasara ba. Kusan duk waƙoƙin nan ba a buga su ba, rubutun hannu ne, aka raba wa magada. Ɗansa Carl Philipp Emanuel ya adana rabonsa. Wani ɗan nasa, Wilhelm Friedemann, da talauci ya ci, ya sayar da nasa, da yawa suka salwanta. Salon kiɗa ma ya sauya, ana ganin na tsohon ya cika sarƙaƙiya.

Wani saurayi ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, shi ya tono waƙar Matta. Kakarsa ce ta ba shi kwafinta kyauta. Ranar 11 ga Maris 1829 ya jagoranci rera ta a Berlin, a zaure, ba a coci ba, bayan ya datse kusan rabinta. Mutane suka yi cincirindo, aka sake maimaitawa. A 1850 aka kafa ƙungiyar da ta ɗauki nauyin buga dukkan ayyukan Bach, aikin da ya cinye shekara 50. Babbar waƙar ibadarsa ta Latin, wadda ya kammala a 1749, sai a 1859 aka fara rera ta daga farko har ƙarshe, a Leipzig.