Tsaron gida da gari a ƙasar Bauchi da Gombe

Tsaron gida da gari shi ne tsarin da mutanen ƙasar Bauchi da Gombe suka riƙa bi wajen kare rayuka da dukiya a lokutan da ikon hukuma ya yi rauni ko ya rushe, musamman a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da shekarun zuwan Turawa. A mafi yawan wannan tarihi, abin dogaro shi ne ganuwa da tsauni da haɗin kan jama'a. Bindiga ta zo daga baya, kuma mai dogon zango ba ta taɓa zama makamin magidanci ba.

Ganuwa da tsauni

Yakubun Bauchi, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi wajen shekarar 1809, aka kuma kewaye shi da ganuwar da tsawon da'irarta ya kai kimanin kilomita 10. Har yau unguwanni na amsa sunayen ƙofofinta, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Dumi. Buba Yero ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin, ya zauna a Gombe Abba kusa da kogin Gongola. A irin waɗannan garuruwa ana haƙa gwalalo a bayan ganuwa, ana rufe ƙofa da dare, ana kuma barin fili a ciki domin noma da dabbobi idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya. Mutumin ƙauye da ya ji labarin hari yakan kwashe iyalinsa ya shige gari mai ganuwa, domin katangar gida da zaure an yi su ne saboda sutura da ɓarawo, ba za su tare mahaya ba.

Waɗanda ba su bi masarautun ba kuwa tsaunuka suka riƙe. Tangale da mutanen Tula sun zauna a kan duwatsu inda doki ba ya iya hawa. Misali mafi shahara shi ne Ningi, inda Malam Hamza da mabiyansa suka koma bayan sun bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a wajen tsakiyar shekarun 1840, sakamakon saɓani kan haraji. Daga waɗannan duwatsu Ningawa suka shafe shekaru da dama suna kai wa Bauchi da Kano da Zazzau hari, har Sarkin Bauchi Ibrahim ya koma Rauta da zama domin tunkarar su; wasu majiyoyi na kawo shekarar 1877.

Bindiga

Manyan makaman wancan zamani su ne kwari da baka, sau da yawa da kibiya mai dafi, sai mashi da takobi, da lifidi ga dawakai. Bindigar da aka sani ita ce ta toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tana da jinkirin ɗuri, ba ta cika samun abin da aka auna daga nesa ba, albarushinta kuma yakan yi sanyi da damina, shi ya sa ƙwararren maharbi da baka yakan fi mai ita amfani a kan ganuwa. Sarakuna sukan damƙa bindigogin da suka samu ga bayin fada.

Bindiga mai dogon zango ana ɗura ta ne ta baya, kuma cikin bututunta akwai zane a murɗe wanda ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, ya kai mita ɗaruruwa a miƙe. Yarjejeniyar Burasels ta 1890, wadda manyan ƙasashen duniya suka ƙulla, ta taƙaita shigo da irinta cikin mafi yawan Afirka. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893, yana daga cikin ƙalilan da suka mallake ta da yawa a wannan yanki.

Burmi

Malam Jibril Gaini, wani malami mai bin tafarkin Mahdiyya, ya kafa sansaninsa a Burmi, kusa da Bajoga ta yau, a shekarun 1880, ya kuma gagari sarakunan Gombe. Turawan Ingila sun shiga Bauchi a Fabrairun 1902, suka tuɓe Sarki Umaru, a cikin shekarar kuma suka kama Malam Jibril suka kai shi Lakwaja. Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas tare da ɗimbin jama'a, tafiyar da ta ƙare a Burmi.

A watan Mayu mutanen garin sun kori rundunar farko da ta kawo musu hari, abin da ya nuna cewa ganuwa da kibiya ba su gama aiki ba tukuna. Sai dai ranar 27 ga Yuli 1903 Turawa suka dawo da ƙarin sojoji da igwa da bindiga mai ruwan harsashi ta Maxim, makaman da ke isa ga masu tsaron ganuwa tun daga inda kibiya ba ta kaiwa. An kashe Sarkin Musulmi tare da ɗaruruwan mabiyansa, kodayake ƙiyasin adadin ya bambanta. Kwamandan Turawan, Manjo Marsh, shi ma ya mutu a wurin da harbin kibiya. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har Sudan. Bayan Burmi aka daina gyaran ganuwa a matsayin abin yaƙi, ta riƙa zaizayewa sannu a hankali.

Zamanin yanzu

Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Bauchi a Yulin 2009, ya kuma taɓa Ashaka a 2014 da garin Gombe a Fabrairun 2015. Inda jama'a suka tashi kare kansu, mafarauta da 'yan banga ne suka yi aikin a ƙungiyance, galibi da bindigar toka.

Dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja, har da masu harsashin milimita 7.62, cikin waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, yayin da bindigar farauta ke buƙatar lasisin 'yan sanda. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta nemi jama'arta su mallaki bindiga domin kare kai. Wasu sun goyi baya, hukumomin tsaro na tarayya kuwa ba su amince ba.