Me ake nufi da 2.4GHz da 5GHz a Wi-Fi na gida?

Idan ka kunna sabuwar rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida, sau da yawa sunaye biyu ne za su fito maka a waya: sunan rautar shi kaɗai, sai kuma wani irinsa da aka liƙa wa "5G" a ƙarshe. Mutane da dama sukan danna na biyun, a zatonsu sabis ɗin 5G na kamfanin waya ne ya iso gidansu. Ba shi ba ne. Wancan 5G da MTN ta fara bayarwa a Najeriya a 2022 tsari ne na sadarwa tsakanin turken sabis da layinka. Wannan kuwa taƙaice 5GHz aka yi, wato zangon da rauta ke magana da wayarka a cikin gida. Rauta mai layin 4G ma tana iya fitar da shi.

Mai sauraron rediyo ya san zango. Freedom Rediyo ta Kano tana kan 99.5, ma'ana igiyar da take aikawa tana kaɗawa sau miliyan 99.5 a daƙiƙa ɗaya. Wi-Fi ma rediyo ce, lambobinta ne suka fi girma: 2.4GHz kaɗawa ce sau biliyan 2.4 a daƙiƙa, 5GHz kuma sau biliyan 5. Gwargwadon saurin kaɗawa, gwargwadon gajartar igiyar. Ta 2.4 tsawonta kusan santimita 12 da rabi ne, ta 5 kuwa kusan santimita 6.

Daga nan halinsu ya bambanta. Zangon 2.4 yana tafiya nesa, kuma ya fi jure ratsa bango. Na 5 ya fi ɗaukar kaya da sauri, amma bango yana cinye ƙarfinsa da wuri. A gidajenmu na bulo da siminti, ga rufin kankare mai rodi, ga ƙofofin ƙarfe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa maigida zai zauna a falo kusa da rauta yana kallon bidiyo lafiya lau, uwargida kuma a uwar ɗaka saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya, alhali datar ɗaya ce. Ana ta ɗora wa kamfani laifi, nan kuwa wayarta ta maƙale ne a zangon da bai isa ɗakin ba.

To me zai hana kowa ya zauna a 2.4 ya huta? Cunkoso. Tun a 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wannan zango ga kowa ba tare da lasisi ba, masu ƙera na'urori kuma suka yi masa ca. Bluetooth a nan yake. Na'urar ɗumama abinci ta microwave tana aiki a 2.45GHz, a cikinsa ita ma. Sannan ga rautocin maƙwabta. An raba wannan zango zuwa ƙananan tashoshi masu lamba, amma waɗanda ba sa hawa kan juna uku ne kacal, 1 da 6 da 11, saboda haka a gidan haya mai sassa da yawa ko masaukin ɗalibai dole a riƙa jiran juna. Alamar Wi-Fi za ta cika fal a waya, amma shafi ya ƙi buɗewa. A zangon 5 irin waɗannan tashoshi sun haura 20 a ƙasashe da dama, kuma siginar maƙwabci ba ta cika ƙetaro katanga ba. Raunin nan nasa a wurin bango a nan ya zama alheri.

A ganina ƙa'idar ba ta da wuya. Talabijin, kwamfuta da wayar da ke ɗaki ɗaya da rauta, a sa su a 5. Wanda ke bayan bango biyu ko a tsakar gida, ya koma 2.4. Tsofaffin wayoyi da yawancin kyamarorin tsaro masu araha 2.4 kaɗai suke gani, don haka rashin fitowar ɗaya sunan a kansu ba lalacewa ba ce. Wasu rautoci kan haɗe zangunan biyu a suna ɗaya su zaɓa maka da kansu. Idan zaɓin yana ba ka wahala, shiga saitin rautar ta adireshin da ke rubuce a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka ba kowanne sunansa. A can ne kuma za ka iya mayar da tashar 2.4 zuwa 1 ko 6 ko 11. Ita rautar a ɗaga ta sama a tsakiyar gida, kada a ɓoye ta bayan talabijin ko cikin durowa.

Sai dai zango iyakarsa tsakanin rauta da na'urarka. Idan ka tsaya kusa da rautar, ka gwada da waya biyu a zango biyun, abin bai sauya ba, to matsalar daga waje take. Duba ko data ta ƙare, duba fitilar sabis a jikin rautar, ka kashe ta na rabin minti ka kunna. In ta ci gaba, sai ka kira kamfanin layin.