Sikanin a bakin gadon majinyaci: daga ina aka faro?

A Zariya, da an ce sikanin sai hankali ya tafi ga mai juna biyu da ta je awo. Ba laifi, don likitan mata na cikin waɗanda suka faro shi. A 1958 ne Ian Donald, likitan mata na birnin Gilasgo, ya wallafa aikin da ya nuna ana iya leƙa cikin mutum da sautin da kunne ba ya ji.

Sashen gaggawa ya daɗe bai mori abin ba. Daga 1965, idan aka kawo wanda ya yi haɗari ana zargin jini na zuba a cikinsa, huda ƙasan cibiya ake yi, a zura siririn tiyo, a ɗura ruwa a janyo, a ga ko ya fito ja. Likitocin Jamus da Japan ne suka riga saura gwada sikanin a madadin haka. A shekarun 1990 Grace Rozycki, likitar tiyata a Amurka, ta yaɗa tsarin FAST: a duba gefen hanta, gefen saifa, mara da kewayen zuciya cikin 'yan mintoci, majinyaci na kwance inda yake.

Yau akwai na'urar da ake jonawa da wayar hannu. Ga ɗan acaɓan da aka kwaso daga Kwangila, jikinsa ya yi sanyi, 'yan'uwa na ta salati a ƙofa, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Sikanin ba shi da tururin da hoton ƙashi ke da shi. Matsalar tana hannun mai riƙe shi. A jerin haɗurran kayan asibiti na 2020, cibiyar ECRI ta Amurka, mai sa ido kan amincin kayan asibiti, ta sa sikanin bakin gado na biyu, saboda na'urorin sun yaɗu sun bar horo a baya. Shi kansa man da ake shafawa ya taɓa jawo ɓarkewar cuta a can a 2021, balle kan na'urar da aka ɗaga daga jikin mai jini aka ɗora wa na gaba ba a goge ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jin "ba a ga komai ba". FAST ba ya kama jini kaɗan, yakan tsallake hujin hanji da zubar jini ta bayan ciki, wajen ƙoda. Idan bugun zuciya na ƙaruwa, ciki na tauri, sai a sake dubawa a kira likitan tiyata, ko da hoton farko ya fito fes.