Alamomin Juriyar Alaji a Jinin Yara: IgE, IgG4 da IgA

Alamomin juriyar alaji, wato borin jini, su ne sinadaran garkuwar jiki da ake aunawa a cikin jinin yaro domin a gane ko jikinsa ya fara sabawa da abin da ke tayar masa da borin jini, kamar madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kifi ko ƙurar ɗaki. Waɗannan sinadarai furotin ne da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ke ƙerawa, likitoci kuma na kiran su antibodi. Iri biyar ne a jikin ɗan Adam, amma uku ne suka fi shiga wannan magana: IgE mai tayar da borin, IgG4 (wani reshe na irin da ake kira IgG) mai tare shi, da IgA mai gadin hanji da hanyar numfashi. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya yanke hukunci shi kaɗai cewa yaro ya warke.

Tarihi

A shekarar 1921 wani likita Bajamushe, Carl Prausnitz, ya ɗebi ruwan jinin abokin aikinsa Heinz Küstner, wanda kifi ba ya karɓarsa, ya yi wa kansa allura da shi a ƙarƙashin fata. Washegari da aka sa ruwan kifi a daidai wurin, sai fatar ta tashi ta yi ja. Daga nan aka tabbatar cewa akwai wani abu a cikin jini da ke ɗauke da alaji. An kwashe fiye da shekara 40 ba a kama shi ba, saboda ƙarancinsa. Sai a tsakanin 1966 da 1967 Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko suka gano shi a birnin Denver na Amurka, a daidai lokacin da Gunnar Johansson da Hans Bennich suka cim masa ta wata hanya dabam a Uppsala ta ƙasar Suwidin. A 1968 aka raɗa masa suna IgE.

Labarin sinadarin da ke tare borin ya ma girmi wannan. Tun 1911 Leonard Noon ya fara yi wa masu atishawar furen ciyawa allurar sabo a Landan, wato allurar ɗan kaɗan na abin da ke tayar musu da borin don jiki ya saba, a 1935 kuma Robert Cooke da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa jinin waɗanda aka yi wa irin wannan allura na ɗauke da wani abu mai hana borin tashi. Daga baya aka gane cewa galibinsa IgG ne, musamman reshensa na huɗu, wato IgG4.

Yadda suke aiki

IgE shi ne mafi ƙaranci a cikin jini, kuma ba ya daɗewa yana yawo: cikin kamar kwana 2 rabinsa ya gushe. Ƙarfinsa yana inda yake maƙalewa, wato a jikin wasu ƙwayoyi da ake kira mast, waɗanda ke zaune a fata da hanci da huhu da hanji, cike da sinadarin histamin mai haddasa ƙaiƙayi da kumburi. A nan yakan yi makonni yana jira. Idan furotin ɗin gyaɗa ya shigo ya haɗa IgE biyu ko fiye, sai ƙwayar ta zubar da abin da ke cikinta. Cikin 'yan mintuna fata ta yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, ko amai ya zo. Idan abin ya yi tsanani numfashi ya sarƙe, jini ya sauka, kuma a nan ba abin da ke ceton rai kamar allurar adirenalin a cinya.

IgG4 kuwa sai an daɗe ana haɗuwa da abu jiki yake ƙera shi. An ga haka ƙarara a wajen masu kiwon zuma a Turai: wanda ƙudan zuma ya sha harbi shekara da shekaru, jininsa cike yake da IgG4 na dafin, kuma harbin bai cika yi masa komai ba. Aikinsa kamar na mai rabon faɗa ne, yana riƙe furotin ɗin tun kafin ya kai ga IgE, sannan yana taɓa wani maƙunni a jikin ƙwayar mast da ke sa ta lafa. Yana da wata ɗabi'a da babu irinta a sauran: a 2007 masu bincike a ƙasar Holan sun nuna cewa yakan yi musanyen rabin jikinsa da wani IgG4, ya zamo hannayensa biyu ba sa kama abu iri ɗaya. Saboda haka ba ya iya tara furotin ya tayar da kumburi. Abin da ke sa jiki ya juya zuwa ƙera shi shi ne sinadarin IL-10, wanda ƙwayoyin garkuwa masu kwantar da tarzoma ke fitarwa.

IgA yana cikin yawu da hawaye da majinar hanji, yana rage abin da ke kutsawa cikin jiki. Jariri na samun sa daga nonon uwa, kuma dakashi ya fi kowane nono yawan sa, abin da ya sa zubar da dakashi babbar asara ce.

Karanta sakamako

Ana auna IgE na wani abinci takamaimai da ma'aunin kU/L, kuma an daɗe ana ɗaukar 0.35 a matsayin iyaka. Wuce wannan iyaka na nufin jiki ya san abincin, ba wai lallai yana bori da shi ba. Yara da yawa suna da IgE na ƙwai kuma suna cin wainar ƙwai lafiya lau. Abin da likita ya fi dubawa shi ne tafiyar lambar: idan ta yi ta sauka shekara bayan shekara, IgG4 kuma yana hawa, alamar sabo ce. Yawancin yara masu alajin madara da ƙwai suna rabuwa da shi kafin su girma, amma a gyaɗa kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke fita.

Gwaji na zamani yakan bi furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya. A gyaɗa, IgE da ke kama furotin mai suna Ara h 2 shi ne ya fi nuna haɗari na gaske. A ƙwai akwai ovomukoid, wanda wuta ba ta lalata shi. Yaron da IgE ɗinsa na ovomukoid ya yi ƙasa sau da yawa yana iya cin kek ko cincin da aka sa ƙwai, ko da ruwa-ruwan ƙwai na tayar masa. Haka furotin mai suna kasin yake a madara.

Shaida mafi ƙarfi kan IgG4 ta fito ne daga binciken LEAP, wanda George du Toit da Gideon Lack suka jagoranta a Landan, aka wallafa a 2015. Jarirai 640 ne, 'yan wata 4 zuwa 11, masu tsananin ƙaiƙayin fata ko alajin ƙwai. An raba su biyu, rabi ana ba su gyaɗa a kai a kai, rabi an hana su. Da suka kai shekara 5, kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu da alajin gyaɗa, a masu ci kuwa kashi 3 ne kawai. Jinin masu cin ya nuna IgG4 mai yawa idan aka gwada shi da IgE. Wannan ya rushe tsohuwar shawarar da ake ba iyaye a Turai da Amurka ta jinkirta gyaɗa.

Sai dai hawan IgG4 ba shi ne warkewa ba. A maganin sabo, inda ake ba yaro ɗan mitsitsin abincin kullum ana ƙarawa, IgE kan ɗan hau da farko sannan ya sauka, IgG4 ya yi sama sosai. Da an daina ci na wasu makonni, yara da yawa borinsu na dawowa. Kuma a 2008 ƙungiyar likitocin alaji ta Turai ta yi gargaɗi cewa kada a yi amfani da gwajin IgG4 wajen gano abincin da ba ya karɓar mutum. Gwajin da ake tallatawa a intanet, mai fitar da jerin abinci ashirin ko talatin da wai a daina, yana juya ma'anar ne a kai: abin da yake nunawa shi ne abincin da yaron ya saba ci. A yankin da tamowa ke kwantar da yara, hana yaro ƙwai da nono da gyaɗa a kan irin wannan takarda ganganci ne.

A Sakkwato da kewaye

Ma'aunan da ke littattafai an fitar da su ne daga yaran Turai da Amurka, kuma akwai dalilai biyu da ke sa a karanta su da hattara a ƙasar Sakkwato. Na farko tsutsa. Tsutsar ciki da tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a gulbin Rima da kududdufai da wuraren noman rani irin na Goronyo da Wurno, suna sa jiki ya ƙera IgE mai ɗimbin yawa, su kuma ɗaga IgG4 da IL-10. Wani bincike a Gabon da aka wallafa a 2000 ya gano cewa yara masu tsargiya ba su cika nuna borin fata ga ƙwarin ƙurar ɗaki ba, duk da suna da IgE na ƙwarin. Wani kuma a Gana a 2013 ya samu 'yan makaranta da yawa da IgE na gyaɗa, amma 'yan ƙalilan ne fatarsu ta tashi a gwaji ko suka ce gyaɗa na damun su. An danganta hakan da wani sukari da ke jikin tsutsar, mai kama da na tsirrai, wanda ke ruɗar na'urar gwaji. Yaron da ke fitsarin jini, takardarsa na iya cewa yana da alajin gyaɗa alhali yana tauna ƙuli-ƙuli a ƙofar ɗakin gwajin.

Na biyu abinci. Gyaɗa na shiga bakin yaron Bahaushe da wuri: kunun gyaɗa lokacin yaye, miyar taushe, yajin tsire, labun kilishi, har da abincin leda na gyaɗa da ake ba masu tamowa a asibiti. Irin wannan ci na yau da gobe shi ne yanayin da IgG4 ke hawa.

Akwai kuma ruɗani a kan nono. Yaron da ya sha fura da nono cikinsa ya kumbura ya yi gudawa, sau da yawa ba alaji ne da shi ba, hanjinsa ne ba ya narkar da sukarin madara. Wannan ba ruwansa da IgE, gwajin jini na alaji ba zai nuna shi ba, kuma irin wannan yaro yakan fi jure kindirmo a kan ɗanyar madara.

Tabbatarwa

Likitan yara kan fara da tambayar uwa: me ya ci, bayan minti nawa abin ya fito, ya taɓa ci a baya lafiya? Sannan gwajin fata, inda ake ɗiga ruwan abincin a damtse a ɗan tsaga da tsinin allura, a jira minti 15. Tashin da ya kai milimita 3 ana ƙirga shi. Piriton da makamantansa na ɓoye wannan tashi, don haka ake dakatar da su kwanaki kafin gwajin, amma ba sa taɓa sakamakon jini.

Hukunci na ƙarshe shi ne gwajin ci. Ana ba yaro abincin kaɗan-kaɗan, ana ƙara yawa duk bayan minti 15 zuwa 30, ma'aikaciyar jinya na duba fatarsa da numfashinsa, adirenalin kuma na ajiye a kusa. Bayan loma ta ƙarshe ana riƙe shi kamar awa 2. Wannan aikin babban asibiti ne mai sashen yara da kayan ceton gaggawa, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba na gida ko kemis ba. Yaron da ya tsallake ana son ya ci gaba da cin abincin a kai a kai, domin an ga borin gyaɗa ya dawo wa wasu yaran da suka ci gwajin sannan suka ƙaurace wa gyaɗar.