Waiwaye: Yadda tagar biyan kuɗi ta shiga asibitin gwamnati

Duk lokacin da aka ji za a miƙa wa 'yan kasuwa ɗakin gwajin jini ko injinan wankin ƙoda na wani asibitin gwamnati, sai muhawara ta kaure a rediyo da Facebook. Wasu su ce an sayar da lafiyar talaka, wasu su ce gara a biya a samu aiki da a je a tarar da inji lulluɓe da ƙura. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya abin ya faro. Alhali duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san tun kafin ɗan kasuwa ya leƙo, kati da kuɗi ne, safar hannu da kuɗi, ledar ƙarin ruwa da kuɗi, har zaren ɗinki sai ɗan jinya ya fita ya sayo.

Farkon labarin kowa ya san shi. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya shigo Najeriya, an gina asibitoci, dattawa har yau suna tuna yadda ake zuwa sha-ka-tafi da kwalba a zuba wa mutum maganin tari ba a karɓi kwabonsa ba. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Soviet suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Sai farashin mai ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta karye. Mafi yawan magani daga waje ake shigo da shi, don haka rumbunan asibiti suka bushe. Likita ya duba ka, ya rubuta, ya ce ka je kemis.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne taron da ministocin lafiya na Afirka suka yi a Bamako ta ƙasar Mali a watan Satumban 1987, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. A can aka amince da wata dabara mai kyan tsari a takarda. Za a ba kowane ƙaramin asibiti jarin magunguna masu sauƙin farashi, marasa sunan kamfani. Asibitin ya sayar wa majinyata da 'yar riba a kai, kuɗin ya tafi asusu, a sake sayo wani maganin, jari ya riƙa juyawa. Mutanen gari su kafa kwamiti su sa ido, wanda ba shi da hali kuma a yafe masa. Ban ga mugunta a cikin wannan ba. Waɗanda suka zauna a Bamako suna kallon kantoci ne wayam, kuma maganin da aka saya ya fi maganin kyauta da babu shi. A ƙasashen Benin da Gini, inda aka fara gwadawa sosai, ƙananan asibitoci da dama sun farfaɗo, rigakafin yara ya ƙaru.

To amma jari mai juyawa sai kuɗin ƙasa ya tsaya da ƙafarsa. Ka sayar da kwalin magani a farkon shekara, ka je sayen wani a ƙarshenta, kuɗin da ka tara bai kai rabin kwali ba. Kowace 'yar talla ta san wannan lissafin. A Najeriya naira ta yi ta zamewa, a Nijar da sauran ƙasashen sefa kuwa rana guda aka rage darajar kuɗin da rabi, a watan Janairun 1994. Jari ya narke, aka ƙara farashi don a cike giɓi. Yafe wa mabukaci ya zama tamkar ɓula asusun da hannunka, tunda ba a ware wani kuɗi daban da zai biya masa ba. Kuma wa zai tantance talaka a garin da kusan kowa talaka ne? Ga wata illar da aka gano daga baya: inda sayar da magani shi ne abin da ke kunna fitila da sayen tsintsiya, takardar majinyaci takan yi tsawo fiye da ciwonsa.

A ganina a nan ne abin ya juya. Ba a sayar da gini ko ɗaya ba, allon da ke bakin ƙofa bai canja ba, amma an buɗe taga an zaunar da mai rasit, majinyaci ya koma mai saye. Daga magani sai abin ya bazu zuwa gwaji, hoto, gado, tiyata. Mutumin da ya saba biya a asibitin gwamnati, ga layi ga jira, ba abin mamaki ba ne ya fara lissafi: in dai biya zan yi, me zai hana in tafi na kuɗi, ko in tsaya wajen mai kemis na bakin layinmu da zai ba ni bashi? Asibitocin kuɗi da suka cika Kano da Kaduna da Maraɗi ba su suka koya wa mutane biya ba, sun tarar da su ne sun riga sun koya.

An yi ta ƙoƙarin gyara. Gana, wadda ta sha fama da tsarin biya kafin a duba ka, ta kafa inshorar lafiya a 2003. Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 biyan kuɗin asibiti a 2006. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Najeriya ta yi dokar inshora a 1999, ta fara aiki da ita a 2005, sannan dokar 2022 ta wajabta ta a kan kowa. Sai dai inshorar ta fi sauƙin kama mai albashi, ta bar manomi da ɗan acaɓa da mai koko. Har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa kai tsaye, a gaban wannan tagar.