Haɗarin Babur a Tsakanin Sojoji a Lokacin Hutu

Haɗarin ababen hawa a lokacin da soja ba ya bakin aiki yana cikin manyan abubuwan da ke cinye rayukan sojoji a zaman lafiya, babur kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalin rundunoni. A Amurka abin ya fito fili a 2008, lokacin da rundunar Marine, wani reshe na sojojin ƙasar, ta rasa sojoji 25 a haɗarin babur cikin shekara guda, adadin da ya zarce na sojojinta da aka kashe a yaƙin Iraƙi a daidai wannan lokaci. Kusan dukkansu a kan baburan gudu suke.

Alaƙar soja da kariyar mahayin babur ta daɗe. T. E. Lawrence, sanannen sojan Birtaniya, ya mutu a 1935 sakamakon raunin kai da ya samu a kan baburinsa ƙirar Brough Superior, jim kaɗan bayan ya bar aikin soja. Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa da ke cikin waɗanda suka duba shi, ya ci gaba da nazarin raunukan sojoji masu kai saƙo a babur, kuma a 1941 sojojin Birtaniya suka wajabta hular kwano.

Wanda abin ya fi shafa shi ne ƙaramin soja matashi da ya tara kuɗi, sau da yawa bayan dawowa daga fagen daga, ya sayi babur mai ƙarfin da ya fi gwanintarsa. Wata shida ba tare da tuƙi ba sun isa hannu ya manta da ma'aunin birki. Haɗarin kuma yawanci iri biyu ne. Na farko a mahaɗar hanya: mota ta juya ta tare gaban babur saboda direban bai gan shi ba, abin da binciken haɗarin babur da Harry Hurt ya fitar a 1981 a Los Angeles ya nuna yana yawan faruwa. Na biyu shi ne mahayi shi kaɗai a kwana. Ya shiga da gudu, ya tsorata, ya kafa ido a kan shingen gefen titi, ya danne birki. Babur ya miƙe tsaye ya tafi inda idon ke kallo. Maganinsa a rage gudu tun kafin kwanar, a kalli mafitarta, a tura hannun babur na ɓangaren da ake son juyawa, sannan a riƙe totur a hankali har a fita. Wannan turawar ita ce sababbin mahaya ba sa yarda da ita sai sun gwada a filin horo.

Birki ma haka. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga tayar gaba yake fitowa, domin nauyi yana komawa gaba idan an taka birki. Mai tsoron birkin gaba sai ya danne na baya kaɗai, taya ta kulle, babur ya zame. Daidai shi ne a matsa na gaba sannu a hankali ana ƙara ƙarfi, tare da na baya. Na'urar ABS tana hana kullewar taya, kuma Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin babura da girman injinsu ya wuce cc 125.

Dokar Ma'aikatar Tsaron Amurka mai lamba 6055.04 tana bin soja har wajen bariki. Ta wajabta hular kwano mai shaidar inganci wadda aka ɗaure a haɓa, kariyar ido, safar hannu mai rufe yatsu, riga mai dogon hannu, dogon wando da takalmi mai rufe idon sawu, ko da jihar da sojan yake ciki ba ta tilasta hula ba. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwar mahayi da kashi 37 cikin 100. Hular da ta taɓa shan duka a haɗari a canza ta, ko da ba a ga tsaga ba, domin soson da ke ciki sau ɗaya yake shanye bugu.

Rundunar sojojin ƙasa ta Amurka tana buƙatar kwas na farko irin na Motorcycle Safety Foundation, ƙungiyar koyar da tuƙin babur lafiya, kafin soja ya hau, kwas na gaba cikin wata 12, sabuntawa duk shekara 5, da gajeren horo ga wanda ya dawo daga aikin da ya wuce kwana 180. Ana kuma haɗa sabon mahayi da tsohon hannu a rundunarsa. Wannan ya fi lacca amfani, saboda sajan da ke hawa babur shi ne zai lura da tayar da ta cinye tun a wurin ajiye ababen hawa.

Dubawa kafin tafiya, wadda ake kira T-CLOCS, ba ta cin lokaci: iskar taya a auna ta tun tayar na da sanyi bisa lambar da kamfani ya rubuta, sai birki da kuloci da totur, fitilu da sigina, baƙin mai, tsaurin sarƙa, da jak ɗin tsayawa. Taya mai ƙarancin iska tana yin zafi, tana kuma sa babur ya yi nauyin juyawa.

Masu mota su ma suna cikin lissafin. Soja ya tashi daga aikin dare ya kama doguwar hanya don kada hutunsa ya ragu, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Bincike ya nuna awa 17 ba barci tana rage kuzarin tuƙi kamar barasa mai ma'aunin kashi 0.05 cikin 100 a jini. Shi ya sa aka ƙirƙiro tsarin TRiPS, inda soja ke shigar da nisan tafiya, lokacin tashi da wuraren hutawa, shugabansa ya duba kafin ya tafi. Tuƙi cikin maye laifi ne a dokar soja, kuma idan bincike ya nuna ganganci ne ya jawo rauni, hakan na iya shafar wasu haƙƙoƙin sojan.